Mu Ne Dangin Mai Jego: Jawabin Kwamitin Mata a Taron Unguwanni

 

Yau maganar mai jego ce ta tara mu. A garuruwanmu na Sakkwato da Zamfara da Katsina, yarinya mai cikin fari gidan iyayenta take tafiya goyon ciki. Idan ta sauka, uwa ko gwaggo ko kaka ce ke dafa mata ruwa, ta dama mata kunu, ta karɓi jinjiri don ta samu barci, har a yi arba'in. Tun da rikici ya koro mu jihar Maraɗi daga shekarar 2019, dangi sun warwatse. Yanzu za ka ga mace ta haihu jiya, jibi tana layin famfo da jarka a ka. Wannan shi muke so mu gyara, kuma babu mai gyara mana sai mu.

Makonni shida na bayan haihuwa lokaci ne mai haɗari ga uwa da ɗa, musamman kwana biyun farko. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wadda ta haihu a asibiti ta yi aƙalla awa 24 kafin a sallame ta, sannan a sake duba ta da jaririn a kwana na 3, da tsakanin kwana na 7 zuwa na 14, da kuma a mako na 6. Wadda haihuwa ta zo mata a ɗaki, a kai ta asibitin sansani a ranar.

Ga alamomin da ba a kwana da su. Jinin da ke ƙaruwa maimakon raguwa. Zazzaɓi, ko jinin biƙi mai wari. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko jijjiga. Kumburin ƙafafu da fuska, da haki ko kasa numfashi in ta kwanta. Ga jariri kuwa: ƙin kama nono, jiki zafi ko sanyi ƙalau, numfashi da sauri, idanu da tafin hannu su yi ɗorawa, ko cibi ya yi ja yana ruwa. In kun ga ɗaya daga ciki, ko da tsakar dare ne, a tafi asibiti. Kada a tsaya jiƙa magani ko jiran gari ya waye.

Iyayenmu, ku yi mana haƙuri mu taɓo wankan jego da kunun kanwa. Mun san don ƙauna kuke yi, mu ma da su aka yi mana jego. Amma tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafi. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki har zuciya ta gaza. Ku ci gaba da yi mata wanka, amma da ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya zama a ciki. Kunun ma a dama, na gero ko na gyaɗa, a bar kanwar. Dakashi kuma kada a matse a zubar, shi ne rigakafin farko na jariri. Nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ƙarawa. Cibi a bar shi a bushe, kada a sa masa toka ko man goge baki, sai abin da ma'aikatan lafiya suka bayar.

Akwai ciwon da ido ba ya gani. Wata za ta haihu ta riƙa kuka, ba barci, ba cin abinci, ko jaririn ma ba ta son ɗauka. Wadda ta rasa miji ko 'ya'ya a hanya ta fi shiga wannan hali. Ba iskoki ba ne, ba raki ba ne, kuma yana da magani. Ku zauna da ita, ku saurare ta, ku raka ta wurin ma'aikatan lafiya.

Roƙonmu shi ne kowace unguwa ta ware mata biyu ga kowace mai jego, su riƙa leƙa ta safe da yamma har arba'in. Magidanta, ruwa da itace da karɓo rabon abinci naku ne a waɗannan kwanaki. Tun ciki yana wata takwas ku san mai babur ko amalanken da za ku tasa da dare. Ku kai jariri allurar BCG da ɗigon shan inna, ku kuma yi masa takardar haihuwa.

Duk wadda ke da sararin ɗaukar wannan aiki ta ba da sunanta ga shugabar matan unguwarta kafin mu watse. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa.