Yaron da Doka Ba Ta Kira Sunansa Ba

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu a garin Yelwa.



Da sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa ni zan yi magana a bana, ya kuma bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai, sai na zaɓi wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Zan fara da laifin kaina, don kada wani ya ɗauka na zo tonon silili ne.

Farkon shigata aikin koyarwa, an tura ni wata makarantar firamare a wani ƙauye na bakin ruwa wajen Wara. A ajina akwai wani yaro ɗan masunta. Idan aka zo lissafi na baka, kafin in ajiye alli ya ba da amsa. Ya san kuɗin kwandon ƙarfasa da na tarwaɗa, ya san abin da za a rage na mai jirgi. Hadda kuwa, sau biyu zai ji abu ya riƙe. Amma da zarar na ce ya tashi ya karanta abin da ke kan allo, sai ya tsaya yana zufa. Ranar shifta kuwa, kalma ɗaya sai ya rubuta ta iri uku a shafi ɗaya. Na ɗauka iskanci ne da ƙiwa. Na yi masa bulala ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, 'yan ajin kuma suka laƙaba masa daƙiƙi. Bai gama aji biyar ba ya koma kwalekwalen mahaifinsa. Sai bayan shekaru da yawa, a wani kwas na malamai, na ji sunan abin da ke damunsa. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Sunan larurar disleksiya, wato wahalar koyon karatu da rubutu ga yaron da hankalinsa lafiya lau, idonsa lafiya, kunnensa lafiya, kuma ana koya masa kamar kowa. Tushen matsalar shi ne yadda ƙwaƙwalwa ke haɗa sauti da harafi. Yaro ya ji kalmar "kifi", amma rarraba ta zuwa sautukanta, da sanin wane baƙi ko wasali ne ke wakiltar kowanne, shi ne ke ba shi wuya. Abin yakan bi jini a cikin dangi, kuma ba ya da alaƙa da ƙarancin basira. Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, shi ya yi amfani da wannan suna a 1887. A 1896 kuma wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda ko sunansa ba ya iya rubutawa daidai. Masana da yawa suna ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na mutane suna da wannan larura. Ke nan a aji mai yara 60, irin ajujuwanmu, ana iya samun uku zuwa shida.

To, me doka ta ce game da irin waɗannan yara? Tun a Tsarin Ilmi na Ƙasa na 1977 aka ware babi guda kan ilmi na musamman, kuma a wannan shekarar ce aka kafa Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Musamman a Oyo don horar da malaman wannan fanni. A 2004 aka yi dokar ilmin bai-ɗaya, wadda ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta. A 2015 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta fitar da tsari na musamman kan ilmin masu buƙata ta musamman, wanda ya lissafa disleksiya a cikin larurorin koyo. Sannan a watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018. Sashe na 17 na dokar ya ba mai naƙasa haƙƙin ilmi ba tare da wariya ba, kuma kyauta har zuwa sakandare. Sashe na 18 ya ce makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, kuma kowace ta kasance tana da aƙalla ma'aikaci ɗaya da ya sami horo kan kula da ilmin masu naƙasa.

Jama'a, a takarda wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne. Sai dai akwai gaɓoɓi uku da nake so mu lura da su.

Na farko, tsarin 2015 da ya kira disleksiya da sunanta manufa ce ta gwamnati, ba doka ce da uba zai riƙe ya je kotu da ita ba. Dokar 2018 kuwa, wadda ke da haƙora, ta yi bayanin naƙasa a dunƙule, ta ambaci rubutun makafi da maganar hannu ta kurame, amma ba ta kira wannan larura da suna ba. Mu kwatanta da Amurka. Dokarsu ta 1975, wadda aka sake wa suna a 1990, ta ambaci disleksiya ƙarara. Iyaye suna da ikon neman a gwada ɗansu kyauta, kuma idan an tabbatar yana buƙatar taimako, dole makaranta ta rubuta masa tsarin koyarwa na kansa, a zauna da iyayensa a duba shi kowace shekara.

Na biyu, yawancin makarantun da 'ya'yanmu ke zuwa a Yauri da Ngaski da Shanga suna ƙarƙashin jiha ne da ƙananan hukumomi. Dokar da aka yi a Abuja ba ta isa ajin da ke Birnin Yauri ko tsibiran cikin tafkin Kainji sai ta bi ta hannun ma'aikatar ilmi ta jiha, da hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha, da sakataren ilmi, da hedimasta. Duk inda aka sami wanda bai san larurar ba a wannan jeri, nan maganar take tsayawa.

Na uku, kuma shi ne ya fi damuna, wannan larura ba a ganinta da ido. Makaho da gurgu kowa ya gan su ya san suna buƙatar taimako. Wannan yaro kuwa ga shi garau, yana gudu yana ƙwallo. Muddin ba a sami wanda ya gane shi ya rubuta sunansa ba, to a wurin hukuma babu shi, balle a yi masa tanadi.

A ƙasarmu ta Yauri akwai kuma wani abin da ke ƙara ɓoye shi. Yaro zai tashi da Gunganci ko Kambarci ko Dukkanci a gida, Hausa a kasuwa, Larabci a makarantar allo, Turanci a makarantar boko. Wani kuma lokacin su ko cirar albasa ba ya zuwa aji sam. Saboda haka ba duk yaron da ya kasa karatu ne ke da disleksiya ba. Da yawa ba a koya musu ba ne yadda ya kamata. Haka nan juya b da d abu ne da kusan duk mai koyo ke yi da farko. Wanda za a sa wa ido shi ne mai zuwa makaranta kullum, mai fahimta idan an yi magana, wanda tsararrakinsa suka wuce shi duk da an maimaita masa. Rubutun Hausa na boko yana bin lafazi sosai fiye da na Turanci, don haka idan yaron da ke jin Hausa ya ci gaba da tuntuɓe ko a karatun Hausa, lalle akwai abin dubawa.

To, mene ne namu a ciki? Ina da shawarwari huɗu ga wannan ƙungiya.

Ɗaya, cikin kuɗin da muke tarawa don fenti da kujeru, mu ware wani abu mu ɗauki nauyin malami ɗaya ko malama daga makarantarmu ya je ya sami horo kan ilmi na musamman, ko a Oyo, ko a Jami'ar Bayero ta Kano, ko a Jami'ar Jos. Da haka mun cika abin da sashe na 18 ya nema.

Biyu, mu roƙi shugaban makaranta a riƙa gwada karatun kowane sabon ɗalibi a zangon farko, shi kaɗai ba a gaban 'yan aji ba, a kuma buɗe rajista ta waɗanda ke buƙatar taimako. Wannan rajista ita ce hujjar da za mu kai wa hukuma a rubuce.

Uku, akwai taimakon da ba ya cin ko kwabo: a koya wa yaro sauti da harafi ɗaya bayan ɗaya yana faɗa yana rubutawa, a ƙara masa lokaci a jarrabawar aji, a yi masa wasu tambayoyin da baka, a daina tsayar da shi ana yi masa dariya, a kuma ajiye bulala.

Huɗu, a cikinmu akwai lauyoyi da kansiloli da manyan ma'aikata a Birnin Kebbi. Su taimaka a rubuta wa ma'aikatar ilmi da 'yan majalisarmu, a nemi duk wata doka ko ƙa'idar jiha kan ilmin masu buƙata ta musamman ta ambaci larurorin koyo da sunansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shi wannan ɗalibi nawa, na sake haɗuwa da shi a kasuwar Yelwa. Ya zama dillalin kifi mai jirage, yana riƙe lissafin mutane da yawa a ka. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya cika mini leda da bandar kifi, ya ƙi karɓar kuɗi. Na roƙe shi gafara, ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ai ni ne kaina ba ya ja." Har yau abin da ya ɗauka ke nan game da kansa, kuma mu ne muka koya masa. Ya gaya mini ɗansa na biyu ma haka yake fama da karatu, yana aji uku. Wannan yaron ba mu makara a kansa ba, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya gafarta wa malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya, ya bar mu da zumunci.