Waƙar Daƙiƙa Ɗaya: Me Waya Ke Yi Wa Mawaƙanmu?

Ina gaida ku 'yan kasuwar Jibiya da Ɗan Isa, da na Illela da Ƙonni, da ku makiyaya da ke bin burtali da rediyo rataye a kafaɗa. Yau zancenmu a kan waƙar da ke cikin wayarka ne, da halin da mai yin ta yake ciki.

A da, mawaƙi da idonsa yake ganin alƙalansa. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, a tsakiyar fili yake tsayawa, makaɗan kalangu a bayansa, ya ƙaga waƙa nan take. In ta yi daɗi zai ga kari na zuba, in ba ta yi ba zai gani a fuskokin mutane, gobe ya gyara. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa kaɗai yake riƙe taro. Mai yabo da mai kushe duk suna gabansu, sun san wa ya san waƙa, wa ya zo kallo kawai.

Da waya ta zo, gaskiya alheri ta fara kawowa. Ku dubi Mdou Moctar, Buzu mai kaɗa jita daga jihar Tawa. A Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008. Ba kamfani ne ya baza su ba, daga memori zuwa memori suka yi ta tafiya, har wani Ba'amurke mai tattara kiɗa ya ji su a wayoyin mutane a Mali, ya nemo shi. Yau yana wasa a Turai da Amurka. Irinku ne kuka ɗauke shi, direbobi da fatake da masu kiwo. Haka a 2020, lokacin zaman gida na korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game ko'ina, mata suna ɗaukar bidiyo suna yi wa mazajensu rawarta.

To amma ga inda gizo ke saƙar. TikTok da ire-irensa guntun bidiyo suke turawa gaba. In mutane suka tsaya suka kalla, na'ura ta ƙara nuna wa wasu; in suka wuce da yatsa, ta binne shi. Shi ya sa mawaƙi yanzu yakan fara da tunanin amshin da za a yi rawa da shi, baitoci kuwa ko oho. Waƙar da ke buƙatar shimfiɗa, mai ba da labarin gari ko asalin mutum, wa zai jira ta? Kuma da salo ɗaya ya yi tashe, sai ka ji kowa ya koma can, kiɗa ɗaya, murya ɗaya da kwamfuta ta gyara.

Ga kuma maganar kuɗi. Kafin YouTube ya fara ba ka rabon kuɗin talla a dogayen bidiyo, sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Yaron da ya sayar da tunkiyarsa ya biya situdiyo, kullum idonsa na kan wannan lissafi. Ya kwana ya tashi ya ga ba a kalla ba, sai zuciya ta raya masa cewa ba shi da basira. A ƙasan bidiyon kuma wani da bai ma sa sunansa na gaskiya ba ya zagi muryarsa, ya zagi iyayensa. Yabo goma ba ya goge zagi ɗaya irin wannan. Su kansu masu Instagram sun ga illar ƙirga yabo, shi ya sa a 2021 suka bai wa kowa damar ɓoye adadin.

Ku kun fi kowa sanin wannan a kara. Bijimi mai kyau yakan kwana ba a taya ba, don kawai an yi ruwa ko an rufe iyaka masu saye ba su iso ba. Wannan bai rage masa tozo ba. Yawan masu kallo farashin ranar kasuwa ne, yana hawa yana sauka.

Saboda haka, kai matashi mai busa sarewa a bayan garke, ke mai waƙar daka ko ta biki, ku sa a waya in kuna so, amma ku fara rera wa dattijon da ya san harkar, wanda zai ce muku nan ya yi, nan bai yi ba.

Mu kuma masu saurare akwai namu. In an tura maka waƙa a memori, tambayi sunan mai ita. In ta yi maka daɗi, aika masa saƙon murya, ko ka gayyace shi biki ka biya shi hakkinsa. Bidiyon da ake yi wa wani dariya don ya gwada waƙa, kada ka tura gaba. Ɗan wani ne.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Allah ya ba da kasuwa, ya tsare dabbobi. A huta lafiya.