A Tona Gindi Kafin A Ɗauko Feshi

 Amfanin mangwaro da lemo da gwaiba kowa ya san shi. Ƙorafina a kan yadda muke karanta ganyen dashe ne, kuma na daɗe ina ja da abokan aiki a kansa.

Manomi ya dasa mangwaron aure a watan Agusta. Hunturu na shigowa ganye ya yi rawaya, bakinsa ya ƙone. Ya tsinko ɗaya ya kai shago, aka miƙo masa kwalbar maganin ƙwari. Ba wanda ya tambaye shi ko ya cire leda kafin ya binne, ko ɗanyen kashin kaji ya zuba a ramin, ko ƙasa ta rufe gaɓar auren. A shekarar farko, yawancin abin da ganye ke nunawa daga saiwa yake tasowa. Dashen da ruwa ya kwanta a gindinsa yakan yi yaushi daidai da wanda ƙishi ya kama, domin ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta shan ruwa. Mai lambu kuwa sai ya ƙara masa ruwa.

Tambaya ɗaya nake so kowane malamin gona ya fara da ita: wane ganye ne ya fara sauyawa, tsoho na ƙasa ko sabon toho? Naitirojin, sinadarin da ke cikin yuriya, yawo yake yi a jikin itace. In ya yi ƙaranci, itacen kan janye shi daga tsofaffin ganyaye ya kai wa sababbi, sai na ƙasa su yi rawaya baki ɗaya. Fotasiyam ma haka yake, sai dai shi gefen tsohon ganye ne ke ƙonewa. Sinadarin ƙarfe kuwa ba ya barin inda ya zauna, shi ya sa sabon ganye ne ke yin fari-fari alhali jijiyoyinsa kore shar. Lemo ya fi nuna wannan, musamman a ƙasa mai kanwa ko inda ruwa ke kwanciya. Ƙarfen yana nan cikin ƙasar, saiwa ce ta kasa ɗaukarsa. Ko mudun yuriya ka juye ba zai gyaru ba, sai dai ka ƙone saiwar. Wannan tambaya ba ta cin ko kwabo, amma ta fi kwalabe goma amfani.

Za a ce na raina cuta da ƙwari. Suna nan, kuma alamarsu a fili take. Tsutsar da ke haƙa ganyen lemo takan bar farin layi mai lanƙwasa. Baƙin da ke goguwa da yatsa darɓa ce ta jawo shi. Gara kuwa a gindi take ɓarna, feshin ganye ba ya taɓa ta. Jan tohon mangwaro mai langaɓewa ma lafiyarsa lau, amma har shi ake fesa wa magani.

Shawarata ba ta sauya ba. A yi dashe da zarar damina ta zauna, a daina jiran bikin shuka itatuwa na ƙarshenta. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa kewaye da gindi, a ba da ruwa ya ratsa ƙasa maimakon yayyafin kullum. Tashar binciken lambu ta NIHORT da ke Bagauda da cibiyar NAERLS ta Zariya su fitar da takardar hotunan ganye da boko da ajami, a liƙa ta a kowane shagon magani. Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa mai aiki a jihohi 11 kuma ta riƙa ƙirga dashen da ya tsallake bazarar farko, a kan wannan adadi za a biya ɗan kwangilar dashen.