Kasuwar da ba ta da rumfa

A Kano da Zariya da Katsina akwai wata kasuwa da ke ci a cikin ɗakunan matan aure: atamfa da leshi daga Kantin Kwari, turaren wuta, humra, kayan kicin. Da can yara ake ɗora wa talla, ko dillaliya ta saɓa ƙunshinta tana bin gida-gida. Yanzu hoton kaya a WhatsApp ya rage wannan zirga-zirga, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da ya tilasta wa mata da dama karɓar kuɗi ta OPay ko Moniepoint.

Ribar turmi ɗaya ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ke riƙe sana'ar shi ne bibiya bayan ciniki. Kwana uku da sayar da turare, mai kaya za ta kira Hajiyar da ta saya ta ji ko ƙamshin ya kama ɗaki. In atamfa ta zuba a wankin farko, gara ta ji daga bakin mai saye da a yi zancen a gidan biki. Wadda ta karɓi kaya bashi kuwa, an rubuta ranar kwasar adashinta, ran nan za a gaishe ta, cikin ladabi mana.

Gwanaye har sun san wadda za ta aurar da 'ya bayan Sallah, sai su aika mata hoton kayan ɗaki tun azumi bai kama ba.