Aiki Daga Gida da Haƙƙin Iyali



A watan Maris na 2020, lokacin annobar korona, Gwamnatin Tarayya ta umarci ma'aikatanta na mataki na 12 zuwa ƙasa su riƙa aiki daga gida. Annoba ta wuce, amma ɗabi'ar aika aiki ta waya ta zauna daram.

Mu a nan Illela mun ga amfaninta. Takardar da a dā sai an ɗauki mota an kai ta Sakkwato, yau daga zaure ake tura ta, an huta da kuɗin mota da haɗarin hanya. To, amma a dā in an tashi daga ofis, an tashi ke nan. Yanzu kuwa saƙon shugaba ta WhatsApp yana iske ma'aikaci bayan sallar isha'i, yana tsakiyar cin tuwo da 'ya'yansa. Ma'aikaciya mai goyo nauyinta ya fi haka, domin girki da rahoto suna jiranta lokaci guda.

Mutanen da ke maƙwabtaka da Birnin Ƙonni ba a koya musu amfanin iyaka. Faransa ta shata irin wannan iyaka a 2017, da dokar da ta ba ma'aikaci 'yancin rufe waya bayan tashi daga aiki.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin ƙwadago su nemi a rubuta sa'o'in aiki daga gida a fili. Ku kuma ɗalibai, in kun zama shugabanni gobe, saƙon da zai iya kwana ku bar shi sai da safe.