Gani Ya Kori Ji: 'Ya'yan Farar Fata da Tarihin Baƙar Fatar Amurka

Batunmu na yau na Amurka ne. Akwai iyaye farar fata da idan an ba da hutun makaranta sukan kwashi yara a mota su nufi wuraren da aka yi bauta da gwagwarmayar neman 'yanci. A ganina sun yi daidai, domin a aji yaro Bature yakan ɗauki wannan tarihi a matsayin labarin wasu, amma idan ya taka wurin da ƙafarsa sai ya gane labarin ƙasarsa ne.

Mu ɗauki Monticello a jihar Bajiniya, gidan Thomas Jefferson, wanda ya rubuta takardar ayyana 'yancin kan Amurka a 1776. Hoton gidan yana bayan kwabon senti biyar, don haka kowane yaro ya saba ganinsa. Abin da kwabon bai nuna ba shi ne mai gidan ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa, kuma dab da gidan akwai maƙera inda yara maza bayi, daga shekara goma zuwa sha shida, suke yini suna ƙera ƙusa. Yaro ɗan shekara goma da ya tsaya a nan zai yi tambayar da jarrabawa ba ta taɓa yi masa ba: ta yaya mai wannan rubutu ya zama mai wannan maƙera? A Montgomery ta jihar Alabama kuma, tun 2018 an rataye ginshiƙan ƙarfe sama da 800, kowanne ɗauke da sunan gunduma guda da sunayen baƙar fatar da gungun mutane suka kashe a cikinta ba tare da shari'a ba, sama da mutum 4,400 tsakanin 1877 da 1950. Iyali da yawa za su iya tarar da sunan gundumarsu a sama da kawunansu.

Wasu za su ce yara sun yi ƙanƙanta da irin wannan. Gaskiya ne ɗan shekara biyar ba ya buƙatar ganin kowane hoto, kuma tacewa aikin iyaye ne. Amma Ruby Bridges, yarinya baƙar fata, shekararta shida a 1960 lokacin da jami'an tarayya suka raka ta makaranta a New Orleans, manya suna yi mata ihu. A Birmingham a 1963 'yan makaranta aka saka wa karnuka da mesar kashe gobara, kuma a shekarar bam ya kashe 'yan mata huɗu a coci. Abin da yara suka jure da jikinsu, yara za su iya jin labarinsa. Wasu kuma suna tsoron a ɗora wa yaro laifin da bai aikata ba. Babu mai neman haka. A wannan tarihin akwai Barbara Henry, Baturiyar da ta koyar da Ruby ita kaɗai shekara guda bayan iyaye farar fata sun janye 'ya'yansu daga makarantar, don haka yaro zai ga cewa a cikin irinsa an sami masu ihu, an kuma sami mai koyarwa.

Sukar da ta fi nauyi ita ce yawon buɗe ido yana iya mayar da azabar mutane abin kallo. Wannan haɗari ne na gaske, domin har yau akwai tsofaffin gandayen bayi da ake haya don bikin aure. Maganinsa zaɓen wuri: gandun Whitney a Luwiziyana, wanda aka buɗe a 2014, daga bakin bayi yake ba da labari. Kada kuma a bar yaro da zaton cewa tarihin baƙar fata duk kuka ne; a kai shi jami'ar Tuskegee, a kai shi ɗakin kiɗan Motown a Detroit. Sannan idan an dawo gida a duba wa ke zaune a unguwa, wa ke aji, kuma me ya sa. Iyayen da suka yi tafiyar suka ƙi amsa wannan tambaya, rabin aikin suka yi.