A Ba Kowane Ciwo Suna Ɗaya: Jawabi Kan Kalmomin Ciwon Baki Da Haƙori

 



Kamar yadda sakatare ya karanta ɗazu, kwamitin jin daɗin jama'a ya kawo shawarar a gayyato likitocin haƙori su yi mana lacca, su kuma duba bakin yaranmu na Islamiyya, a ranar 20 ga Maris, wato ranar da duniya ta ware domin lafiyar baki. Shawara ce mai kyau, mun kuma goyi bayanta. Sai dai akwai wani aiki da muke ganin ya kamata a yi kafin baƙin su zo, shi ya sa muka nemi izinin tashi. Mu dai ba likitoci ba ne, 'yan kasuwa ne, iyakar karatunmu allo da Islamiyya. Saboda haka inda muka yi kuskure, masana su gyara mana.

Kowa a nan ya san ciniki ba ya faɗawa sai an yarda da ma'auni. In ka ce wa manomi a Doma ko Asakiyo kana son ƙwaryar doya, ya san ɗari kake nufi, kai ma ka sani, ba sai an kira shaida ba. Amma da wani zai ce ƙwaryarsa tamanin ce, wani ya ce tasa ɗari da ashirin, to da kasuwa ta tashi da rigima. Haka mai sayen riɗi ko agushi, kafin a buɗe buhu sai ya ce a nuna masa mudun da za a auna. To jama'a, abin da mudu yake ga ɗan kasuwa, shi ne kalma take tsakanin likita da majinyaci. Mu kuwa a maganar ciwon baki da haƙori, kowa da mudunsa yake zuwa.

Dalilin haka a fili yake. Iyayenmu da kakanninmu daga wurare daban-daban suka zo garin nan, wasu daga Kano, wasu Katsina, wasu Zazzau, wasu Sakkwato, kowa da irin Hausarsa. Basakkwace zai ce haurensa na ciwo, Bakano ya yi dariya domin shi hauren giwa ya sani. Bugu da ƙari, maƙwabtanmu Kambari da Eggon da Alago da Gwandara da Koro da Tibi, da Hausa muke hulɗa da su a kasuwa da asibiti, kowa kuma da yadda harshensa ya koya masa kiran ciwo. Tun da aka cire jihar Nasarawa daga Filato a 1996 aka mai da Lafiya babban birni, ma'aikata suka ƙaru daga ko'ina. Likitan da za ka tarar da Turanci ya yi karatunsa, wata sa'a Hausar tasa ta gaisuwa ce kawai. Sai a kira wani ma'aikaci ko ɗan rakiya ya yi tafinta, shi kuma ya fassara da abin da ya zo bakinsa.

Ga misali da ya faru a gabanmu. Wata baiwar Allah da muke layi ɗaya da ita a kasuwa ta je wani asibiti da ciwon turmin haƙori. Likita ya duba, ya ga haƙorin zai tsira in an buɗe shi, an kwashe ruɓaɓɓen naman da ke cikinsa, an wanke, an cike. Mai tafinta ya juyo ya ce mata, “Hajiya, kashe haƙorin za a yi.” Tana jin kashewa ta ce bari ta je ta yi shawara da maigida, ba ta sake komawa ba. Ta yi ta fama da kanumfari da ruwan gishiri, har wani ya ba ta shawarar ɗiga ruwan batir, abin da ke ƙone dasashi ba ya kuma warkar da komai. Bayan 'yan watanni kunci ya kumbura, baki ya ƙi buɗuwa, dole aka cire haƙorin da tun farko ake son ceto. Likita bai yi ƙarya ba, mai tafinta ma bai yi niyyar cuta ba. Kalma ɗaya ce ta jawo.

Akwai na biyu, wanda ya shafi kowane gida. Yaro yana da haƙora 20 na ƙuruciya, babba yana da 32. Wajen shekara 6, turmin farko na girma yakan fito daga can baya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Da yake ba mu da tsayayyen sunan da ke raba haƙoran ƙuruciya da na girma, in wannan turmi ya yi baƙi sai uwa ta ce, “Ƙyale shi, ai zai yi famfara.” Alhali kuwa wannan ba ya famfara, in ya tafi ya tafi ke nan. Har ila yau, mun saba in jariri na zawo da zazzaɓi mai zafi mu ce haƙori ne. Fitowar haƙori takan sa dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da 'yar rigima, amma ba ita ke kawo zawo mai tsanani ko zazzaɓi mai zafi ba. Da mun ce haƙori ne, mun rufe wa kanmu hanyar asibiti, yaro kuwa ruwan jikinsa na ƙarewa.

Na uku shi ne mafi nauyi, muna roƙon iyayenmu mata su saurara da kyau. Akwai wata cuta da ke kama yara, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda ba sa samun isasshen abinci ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Takan fara da gyambo a dasashi, da jini, da wari mai ƙarfi, sai kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki naman fuska ya fara ruɓewa. In an kai yaro tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sukan tsayar da ita. In an bar ta, mafi yawan yaran ba sa rayuwa, waɗanda suka rayu kuwa sai an yi musu aikin gyaran fuska. Ba a ɗaukarta daga wani, don haka babu dalilin gudun yaron ko ɓoye shi a ɗaki. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin wannan cuta tun 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, Nijeriya ce ma ta jagoranci neman hakan.

To amma mene ne sunanta? Likitoci suna ce mata noma. Kalmar daga harshen Girka ta fito, ba ruwanta da gona. Sai dai in mai sanarwa ya ce ana kiran iyaye taron wayar da kai kan noma, rabinmu za mu zo da tambayar taki. A ƙasar Sakkwato mutane da yawa suna ce mata ciwon daji, wanda kuma shi ne sunan da muke ba sankara. Wasu su ce ciwon iska, daga nan sai a nufi wajen mai turare da hayaƙi. Kowane suna yana nuna wa uwa ƙofa daban, cutar kuwa ba ta jira a gama zagaye.

Kada mu ɗauka wannan matsala tamu ce mu kaɗai. Su kansu likitocin sun sha fama da ita, sai da suka zauna suka yi wa kansu ma'auni. Suna da tarayya ta duniya da ake kira FDI, wadda aka kafa a birnin Faris a 1900. A farkon shekarun 1970 ta amince da hanya ɗaya ta kiran haƙora da lamba biyu. An raba baki gida huɗu: sama dama 1, sama hagu 2, ƙasa hagu 3, ƙasa dama 4. A kowane gida ana ƙirga haƙora daga na gaba zuwa na ƙurya, 1 zuwa 8. Saboda haka in likita ya rubuta 36, wato uku da shida, abokin aikinsa a Jos ko Alƙahira ya san turmin farko na ƙasa ta hagu ake nufi. Amurka kuwa ta riƙe nata lissafin na 1 zuwa 32. A tsarin FDI, lamba 18 haƙorin ƙurya ne na sama ta dama, a na Amurka kuwa 18 turmi ne na ƙasa ta hagu. Ku duba abin da zai faru in takarda ta fito daga wani tsari, mai cirewa ya karanta ta da ɗaya tsarin.

Daɗin daɗawa, likita ba ya gama karatu ya naɗe tabarma. Hukumar da ke kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, MDCN, tana neman shaidar ƙaro ilimi kafin ta sabunta wa mutum lasisi, Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Nijeriya kuma tana taronta na shekara-shekara inda ake gabatar da laccoci. Duk wannan yana sa su yi magana da baki ɗaya, amma da Turanci. Tsakaninsu sun daidaita mudu. Tsakaninsu da mu ne ake awo da ka.

Mu da muka yi Islamiyya bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Farilla da sunna da mustahabbi da makaruhi, yadda malam ya koya mana a Ahalari haka muka tarar a Ishmawi, haka a Risala, haka kuma ɗalibin Agadas ko Kumasi ya san su. Da kowane malami zai sa nasa sunan, da ba wanda ya iya alwala. Malaman Hausa ma sun yi irin wannan hidima, domin Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Ke nan akwai inda za a jingina.

Ga shawarwarinmu guda huɗu, taro ya duba.

Na farko, a kafa ɗan kwamiti: malamin Hausa, ma'aikacin haƙori mai jin Hausa sosai, ungozoma, wanzami, da uwa ɗaya ko biyu daga kasuwa. A gayyato maƙwabtanmu su ma, tunda asibiti ɗaya muke layi da su. Aikinsu su fitar da takarda ɗaya tak, kalmomi kamar talatin, kowane ciwo da kowane aiki suna ɗaya. Alal misali, a ce kogon haƙori, a bar cewa tsutsa, domin babu tsutsa a ciki. Zaƙi da dattin da ya kwana ne ke haifar da tsamin da ke cin haƙori. A ce ciwon dasashi. A ce kanta ga dattin da ya daskare, wankin haƙori ga aikin kankare ta. A ce ciko, a ce cirewa, a ce jinyar cikin haƙori maimakon kashewa. A ce haƙoran ƙuruciya da haƙoran girma. Cutar nan ta yara kuwa a riƙa cewa noma mai zaizayar baki, a haɗe, kullum. In kwamiti ya ga kalmar da ta fi tamu, sai a ɗauka. Abin da muke nema a tsaya a kan ɗaya.

Na biyu, a ba likitocin da za su zo takardar tun mako biyu kafin taro, su gyara abin da ya saɓa wa ilimi, sannan su da mai tafinta su yi aiki da ita ranar lacca.

Na uku, shugabanni su rubuta wa likitocin haƙori na jihar nan, cikin ladabi, a roƙe su in za su yi taronsu na ƙaro ilimi su ware ko da sa'a ɗaya domin yadda ake yi wa majinyaci bayani da Hausa. A kai kwafe sashen haƙori na asibitin da muka saba kira Dalhatu Araf, da ƙananan asibitocin unguwa, da gidajen rediyon garin nan.

Na huɗu namu ne. A buga takardar a mujallarmu, malaman Islamiyya su karanta wa yara ita a darasin tsarki da asuwaki, a kuma gaya musu goge baki safe da dare da buroshi da man goge baki ba ya hana asuwaki. Sannan duk wanda ya je gaban likita, kada ya tashi sai ya maimaita abin da aka gaya masa da bakinsa: “Likita, wato ciko za a yi, ba cirewa ba?” Matambayi ba ya ɓata, ranar wanka kuma ba a ɓoyon cibi.

Kuɗin da wannan aiki zai ci bai wuce na takarda da ruwan da 'yan kwamiti za su sha ba. Mu 'yan layin hatsi mun yi shawara tsakaninmu, mun ɗauki nauyin bugawa, in taro ya amince. Muna roƙon shugaba ya sa a zaɓi 'yan kwamitin yau kafin a tashi, don kada maganar ta kwana a littafin sakatare.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a yafe mana. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya, ya zaunar da garinmu da jiharmu lafiya.